A Daina Wanke Rim Ɗin Alminiyam Da Soda

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni fili in ja hankalin masu mota kan rim ɗin alminiyam, don wallahi raina na ɓaci in ga mai wankin mota ya zuba masa soda ko ruwan batir wai zai yi ƙyalli, alhali soda cin alminiyam take yi, ta bar shi fari-fari duk ramuka.

Gyaran nan mutum zai iya a gida. Ka cire tayar, ka wanke ƙurar birki da sabulu, sannan ka bi da sanfefa jiƙaƙƙiya, lamba 400, sai 800, sai 1500 har 2000, kada ka tsallake ko ɗaya domin kowace tana goge zanen ta baya ne. Aikin na cin lokaci sosai, sai haƙuri. Bayan nan a shafa man folish a goge da tsumma mai laushi, a fesa kiliya, wato fentin kariya marar launi, a kai, in ba haka ba damina ɗaya zai dusashe.

Amma fa rim ɗin da ya tsage ko ya lanƙwashe a rami, kada a ɓoye shi da folish a sayar wa bayin Allah, domin tublas, wato taya marar tub, sau da yawa ba ta riƙe iska a kansa, kuma haɗari ne a hanya.

Naka,
Mai karatu daga Kano