Ba ƙin ci gaba muke yi ba, mun ga abin da Tiga ta yi mana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Laraba har ƙarshe, kuma wallahi da ɓacin rai na kwanta. Baƙon da kuka gayyato ya buɗe baki ya ce mu mutanen Yobe da ke adawa da madatsar Kafin Zaki, wadda ake son ginawa a kan kogin Jama'are a Jihar Bauchi, hassada ce ke damunmu, wai ba ma son Bauchi ta ci gaba. Mai gabatarwa kuwa ya yi ta cewa "haka ne, ranka ya daɗe", bai ko tambaye shi ya taɓa taka Gashuwa da rani ba. Ina adalcin aikin jarida a nan?

Ni ɗan masunci ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da koma da gora ya ciyar da mu, ya aurar da yayyena. Da kaka idan ruwa ya fara ja baya, tarwaɗa da ƙarfasa har sai an rasa itacen banda. Bayan kifi a yanki shinkafa, bayan shinkafa a bi laima a shuka wake, sannan Fulani su sauko da shanu su ci burgu. Fadama ɗaya, mutum uku suna ci a shekara, ba wanda ya kashe kwabo ya sayi ruwa. Baƙonku ya kira wannan "ruwan da ke tafiya a banza". Banza a wurin wa?

An gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992. Duka biyun a kan rassan kogin Haɗeja suke. Ba na musun Kano tana shan ruwan, kuma na san irin tumatir da shinkafar da ake fitarwa daga Kadawa da Kura. Allah ya ƙara musu albarka. Amma mu da ke ƙasa me ya same mu? Ambaliyar damina da ke shimfiɗa a fadama ta ragu, sai aka koma sako ruwa kaɗan-kaɗan rani da damina. Magudanan da a da suke bushewa ƙayau suka daina bushewa, ciyawar kacala ta samu gida. Duk wanda bai san kacala ba ya je wajen Guri ko Nguru ya gani. Ta fi mutum tsayi, saiwarta ta sarƙe, kwale-kwale ba ya ratsa ta. Ta toshe magudanar Burum Gana, ruwa ya karkata ya bi magudanar Marma ya kwanta a gonakin mutane shekara da shekaru, mu kuma a nan ƙasa muna kallon yashi. Can ruwa ya ci su, nan ƙishi.

Ƙanena yana noma a wajen Nguru. Gonar da ya gada yanzu kacala ce zalla, ba ka ma gane iyaka. 'Yar wadda ta rage masa kuma jan-baki ne ke rabon gado da shi, domin a cikin kacalar suke kwana su yi sheƙa. Tun asuba yaransa ke fita da gwangwanaye a ɗaure a igiya suna kaɗawa suna ihu, makaranta ma sai an yi girbi. Na ga mutanen ƙauyensu sun yi gayya, sun shiga ruwa iya ƙirji da lauje da adda, matsattsaku na cizonsu, don kawai su buɗe wa ruwa hanya. Kafin shekara ta zagayo ta sake tofowa. Waɗannan mutanen ne ake zaune a ɗaki mai sanyi ana ce musu mahassada.

Abin da baƙonku ya ƙi faɗa, ko bai sani ba, shi ne yau kogin Jama'are ne ke riƙe da mu. Shi ne babban kogin da ba a datse ba. Daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa Katagum, ya zo ya zama mafi yawan ruwan da ke wucewa ta Gashuwa zuwa Gaidam da Damasak. Har masu tattasai a Diffa da ke hayin Nijar da shi suke ban-ruwa. Rijiyoyinmu ma shi ke cika su, domin ruwan da ya kwanta a fadama ne ke tsumawa ya sauka ƙasa. To idan aka tare shi a Kafin Zaki, me za mu sha? Tun zamanin Shagari ake tayar da maganar nan, a dakatar, a sake tayarwa. A 2009 Sanata Ahmad Lawan ya fito fili ya nuna adawa da madatsar saboda illar da za ta yi wa mu da ke ƙasan kogin. Abin da masunta da manoma da makiyaya ke faɗa ke nan har gobe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma dole ya yi tsalle.

Kuma kada a sake ce mana "za a riƙa sako muku ruwa daidai bukata". Mun ji wannan tun muna yara. Ranar da kake neman ruwa ba ka samu, ranar da shinkafarka ta kusa yanka sai ka wayi gari ta nutse, ba sanarwa ba jaje.

Sai kuma maganar layin wayarku. Kun ce masu sauraro su kira, na yi ta bugawa har katina ya kusa ƙarewa, kullum ana kan layi. Amma mutanen nan biyu da ke kira kowane mako suna gaishe da abokansu na kasuwa ba sa rasa shiga. Ga tallan maganin basir da ke cinye rabin lokacin. Don Allah a gyara.

Ku turo wakilinku Gashuwa a watan Afrilu, ni zan kai shi bakin gada da kaina, in haɗa shi da sarkin ruwa da masu noman rani su yi magana da bakinsu. Sannan ku sake gayyato baƙon naku ya ba su amsa.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Gashuwa, Jihar Yobe