A Mutunta Lokacin Masu Aiki Daga Gida

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan yadda wasu shugabanni ke ɗaukar mai aiki daga gida tamkar ba shi da lokacin tashi, har su turo masa saƙo da tsakar dare suna jiran amsa nan take. Wannan ɗabi'a tana damuna matuƙa. Tun shekarar 2017 dokar Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna haƙƙin ma'aikaci na ajiye waya bayan an tashi. Shi ma ma'aikacin, wajibi ne a same shi a lokacin da aka yi yarjejeniya, kuma idan abokan aikinsa suna wata nahiya, ya duba agogonsu kafin ya kira taro.

Naka,
Mai karatu