Ummi, dakata kafin ki ce "shi ya jawo"

Assalamu alaikum Ummi, ya karatu ya zafin gari. Na karanta furojet ɗin da kika turo ta WhatsApp, kin sha yawo gida-gida kam, Allah ya yi miki albarka. Amma wurin da kika rubuta wai gidan sauro ba ya hana maleriya tunda gidajen da ke da shi sun fi yawan masu zazzaɓi, nan fa ban yarda ba.

Su wa ke da gidan sauro a unguwa? Mai ciki da aka ba kyauta a wajen awo, da mai goyo, da wanda gidansa ke bakin kududdufi sauro ya hana shi runtsawa har ya je ya saya, wato mutanen da dama can zazzaɓin ya fi kayarwa. Wani ma sai da yaronsa ya kwanta aka yi masa ƙarin ruwa sannan ya ɗaura, ke kuma kin zo daga baya da fom ɗinki kin tarar da gidan sauro da labarin zazzaɓi a ɗaki ɗaya. Wanne ya riga wanne? Fom ɗinki bai tambaya ba. Bai ma tambaya ko ana kwana a ciki ba, kin san dai wasu kaji suke killacewa da shi. Wannan ai kamar mutum ya ga duk inda gobara ta tashi akwai 'yan kwana-kwana ne, sai ya ce su ke cinna wutar.

Manyan fannin naku na kiwon lafiya ma ba sa saurin yanke hukunci. Richard Doll da Bradford Hill a Ingila, da suka ga kansar huhu tana ta ƙaruwa, Doll da farko kwaltar titi ya fi zargi. Bincikensu na 1950 ya nuna sigari ce, duk da haka ba su tsaya nan ba, a 1951 suka tambayi likitoci wajen dubu 40 wa ke sha wa ba ya sha tun suna da lafiyarsu, sannan suka yi ta bibiyarsu shekara da shekaru. Kin ga nan babu gardamar wanne ya riga. Kuma mai shan kara da yawa ya fi mai shan kaɗan mutuwa, wanda ya daina haɗarinsa ya ragu. A 1965 Hill ya jera abubuwa 9 da ake dubawa kafin a ce abu kaza ne ya jawo cuta, na san an ba ku haddarsu don jarabawa, amma shi kansa bai ce a mai da su ma'auni ana cika akwati ba.

Wanda nake so ki riƙe da kyau shi ne na Zamfara a 2010. Yara ƙanana na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, amai, jijjiga, suma, ga lokacin zafi ne kowa sai ya ce sanƙarau ko maleriya, to ai su aka saba gani. An ba da maganin, yara ba su tashi ba, kuma wannan rashin tashin shi ne ya sa likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka fara tunanin wani abu daban. Da aka duba sai aka ga ƙauyukan da abin ya yi tsanani su ne inda ake kawo duwatsun zinariya cikin gida, ana niƙawa a injin niƙa, ana dakawa a turmi, ana shanyawa a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. A Dareta da 'Yargalma kusan yaro 1 cikin 4 na ƙasa da shekara 5 ya rasu cikin shekara guda. Aka auna jini aka ga gubar dalma da ke cikin duwatsun nan, aka auna ƙasar gidajen aka ga dalma, aka kwashe ƙasar aka ba yara maganin fitar da gubar, mutuwa ta ragu sosai. Yara wajen 400 aka rasa. Dubi yadda hujja ta taru ta ko'ina, ba daga tambaya ɗaya ba, kuma ba a jira an gama rubuta takardar bincike kafin a fara ceton rai ba, don wani lokaci jiran ma kisa ne.

Naki ba gaggawa ba ne, kuma idan maganar ta fita wata uwa ta ji ɗalibar kiwon lafiya ta ce gidan sauro banza ne ta kwance nata, wallahi ba ƙaramin abu ba ne. Ki koma ki tambayi yaushe aka samu gidan sauron, wa ya kwana a ciki daren jiya, zazzaɓin an gwada jini ko dai ji aka yi jiki ya yi zafi. Ki kwatanta na bakin kududdufi da na bakin kududdufi, yara da yara, sannan ki kai wa malamin da ke duba aikin naki ku zauna. In bayan duk wannan lissafin bai canza ba ki rubuta abin da kika gani, ba zan ce komai ba.

Kuɗin fotokofin sabon fom zan turo miki ranar Juma'a in sha Allahu.

Babanki