Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni nawa aka ba ni

Assalamu alaikum Alhaji. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, wajen ɗaurin aure, ka ce in gaya wa Damagaram nawa aka ba ni na rubuta cewa kuran ne ya ci shagonka alhali kowa ya san sa wuta aka yi, to ni ma a fili zan amsa. Zancen wai mun zo a makare na bar maka shi, motar kwana-kwana dai ba ta da fiffike da za ta tsallake teburan da kuka cika hanya da su. Amma maganar cin hanci wallahi ba zan haɗiye ta ba, shekara 23 ina wannan aiki na kwana-kwana har yau gidan haya nake, je ka tambaya a Birni.

Ba duba muke yi ba Alhaji, bin sawu muke. Muna farawa daga inda wuta ta yi ɓarna kaɗan muna matsawa zuwa inda ta fi ci, muna duba zurfin gawayi a jikin katako, da tabon da ta bari a bango, wanda yakan tsuke daga ƙasa ya buɗe sama kamar mazurari. A shagonka sawun wuri ɗaya ya kai mu, bayan firigo, inda aka cusa kai huɗu a soket ɗaya da waya mai siririn jiki, tagullar ta yi ƙulli-ƙulli. Ko wannan ƙullin ban ɗauke shi hujja shi kaɗai ba, don wuta in ta cinye robar waya ma tana sa ta yi haka. Mai sa wuta sau da yawa yakan kunna wuri biyu ko uku da ba su haɗu ba, kuma dole ya shigo ta wani wuri. Kwaɗonka mu muka fasa shi, a gabanka.

Ka ce an ji warin asansi. Ƙwarai an ji, ni ma na ji. Jarkoki nawa na asansin ruwa-ruwa ke ƙarƙashin kantar shagonka? Na rufa maka asiri ban yi ta yayatawa ba, kai ka tono.

Na san abin da kake so, in rubuta sunan maƙwabcin da kuke rigimar fili da shi tun bara, a kai shi komisariya. A Amurka, jihar Tekzas, an zartar wa wani mutum Cameron Todd Willingham hukuncin kisa a 2004 kan gobarar 1991 da ta ci 'ya'yansa mata uku, saboda masu bincike sun ga tabo a daɓe sun ce mai aka zuba, daga baya masana suka nuna ɗaki in ya kama gaba ɗaya shi da kansa yana barin irin wannan tabon. Ni ba zan ɗauki alhakin bawan Allah don in faranta maka ba.

Abin da ya fi ci min rai ma kullum haka ne a garin nan, ba a kiran 18, lambar 'yan kwana-kwana, sai bokitai sun gaza, wuta na mutuwa jama'a su tattake wurin, ɓarayi su kwashe, mai shago ya sa yara su share toka kafin mu dawo da safe, sannan a ce mu faɗi gaskiya. Kai ma sai da na roƙe ka ka tsai da masu tsintsiya. Rahoton yana hannun mai shigar da ƙara, in kana da shaidar kuɗin da na karɓa kai masa ita gobe, zan riga ka zuwa.