Malamin shirinku ya zalunci yarinyar da ta tambayi dalili

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto wannan wasiƙa ne raina a ɓace saboda amsar da malamin shirinku na lissafi a talabijin ya ba yarinyar nan da ta bugo waya a makon jiya. Ta tambaye shi abin da ya sa duk lambar da aka ɗora wa sifili a sama take zama 1, sai ya ce mata doka ce, ta haddace kawai, wai dalilin ya fi ƙarfin ajinta, ya kuma wuce zuwa tambaya ta gaba. Na yi shekara 26 ina koyar da lissafi a sakandare, kuma ban taɓa ganin abin da ke kashe wa yaro gwiwa kamar irin wannan amsa ba.

Dalilin da ya ce ya fi ƙarfinta bai kai aikin minti biyu a kan allo ba. A rubuta 2⁴, wato 16, a sauko zuwa 2³, wato 8, sai 2² da ke ba da 4, sai 2¹ da ke ba da 2. Duk sa'ad da lambar sama ta ragu da ɗaya, amsar rabuwa biyu take yi. To idan aka ƙara taka mataki ɗaya zuwa 2⁰, me rabin 2 zai bayar in ba 1 ba? Da ya ci gaba da saukowa, da yarinyar ta gani da idonta cewa 2⁻¹ rabi ne, 2⁻² kuma kashi ɗaya cikin huɗu, da ta tashi daga gaban talabijin da dokoki biyu a hannunta ba tare da ta haddace ko ɗaya ba. Akwai ma wata hanyar: 5³ idan aka raba shi da 5³, 125 ne aka raba da 125, amsa 1 ke nan, dokar rabawa kuma ta ce a ɗebe lambobin sama, 3 a cire 3, saura sifili. Wannan hanyar ce ma take nuna abin da malamin ya tsallake, domin ya ce "kowace lamba", alhali dole a keɓe sifili a matsayin tushe, wato lambar da ke ƙasa, tunda ba a raba komai da sifili.

Ba da ka nake wannan magana ba, a gidana na ga ɓarnar. Jikata tana kallon shirin nan da littafi a cinya, tana kwafe duk abin da aka faɗa. Washegari ta kawo mini aikin gida, na tarar ta rubuta cewa x² + x³ daidai yake da x⁵. Da na tambaye ta, sai ta ce ai malamin talabijin ya ce idan tushe ɗaya ne a tara lambobin sama. Ta riƙe rabin maganar, ta yar da sharaɗin cewa sai a wurin ninkawa, kuma ban ga laifinta ba, domin wanda aka ba hadda ba a ba shi ma'ana ba, bai san wane ɓangare ne ke riƙe da ginin ba. Na ce ta sa 2 a madadin x. Ta sami 4 da 8, jimla 12, ɗaya gefen kuma 32. Ta yi shiru tana kallon takardar. Daga nan na sa ta warware x² × x³ da hannunta, x sau biyu a jere da x sau uku, ta ƙirga ta sami biyar, ta ɗago kai ta ce, "Kaka, ashe ƙirga kawai ake yi." Wannan jimlar tata ta fi duk abin da aka faɗa a shirin amfani.

Kurakuran da na sha gani a takardun ɗalibai duk daga wannan rijiya suke fitowa. Yaro zai rubuta 2³ × 2⁴ ya ce 4⁷ ne, ya ninka tushen tare da tara na sama, alhali 8 sau 16 shi ne 128, wato 2⁷, shi kuwa 4⁷ ya kai 16,384. Wani zai buɗe bakan (2x³)² ya rubuta 2x⁶, ya manta cewa lambar da ke wajen baka ta hau kan 2 ɗin ma, amsar 4x⁶ ce. Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mai cewa (a + b)² daidai yake da a² + b², abin da 3 da 4 kaɗai sun isa su rushe, tunda 49 da 25 ba ɗaya ba ne. Ko ɗaya daga cikin waɗannan yara ba daƙiƙi ba ne. An hana su al'adar gwada doka da ƙananan lambobi ne, kuma shirinku, wanda ɗalibai da yawa suka dogara da shi, ya ƙara ƙarfafa wannan hanin.

Ya kamata malamin ya san cewa waɗannan dokoki mutane ne suka yi tunani suka gano su. Arkimidis, masanin lissafin nan na tsohuwar Girka, ya nuna yadda ake tara lambobin sama wajen ninka goma-goma tun kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da yake ƙiyasin yawan yashin da zai cika sararin duniya. Bafaranshen nan Nicolas Chuquet ya yi amfani da sifili da lambobi masu alamar ɗebewa a sama a rubutunsa na 1484, salon rubuta ƙaramar lamba a kafaɗar harafi kuma ya bazu ne bayan littafin wani masanin Faransa, René Descartes, na 1637. Abin da masana suka daɗe suna neman dalilinsa, bai dace a gaya wa yarinya cewa tambayar dalilinsa wuce gona da iri ba ne.

Tunda na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da cewa mai ɗaukar hoton shirin yana tsayawa nesa da allo, har ba a bambance 2 da 3 idan an rubuta su ƙanana a sama, ga tallace-tallace da kuke sakowa ana tsakiyar warware misali, a dawo an riga an goge rabin aikin.

Ina roƙon ku da ku sa malamin ya buɗe shirin mako mai zuwa da tambayar yarinyar nan, ya ba ta haƙuri, ya sauko mata daga 2⁴ zuwa 2⁻² mataki-mataki a kan allo. Ni da jikata za mu zauna mu kalla.

Naku,
Wani tsohon malamin lissafi