Rahoton Ayyukan Shekara: Shekararmu da Wasan Makbes

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa membobi maza da mata, ga rahoton abin da ƙungiyarmu ta masu nazarin adabi da wasan kwaikwayo ta gudanar a shekarar da muke bankwana da ita.

Kamar yadda babban taron bara ya yanke, bana littafi ɗaya muka riƙe shekara sukutum, muka bar tsallen da muka saba yi daga wannan zuwa wancan. Zaɓi ya faɗa kan Makbes, wasan Wiliyam Shekisfiya na Ingila. Wasu sun so a ɗauki na gida, hujjarsu kuma mai ƙarfi ce, shi ya sa aka yi musu alkawarin baɗi tasu ce. Zaman Asabar bayan La'asar bai yanke ba, in ban da watan azumi da makonnin jarrabawar ɗalibanmu. Mukan karanta fitowa ɗaya da Turancin asali, wanda ko malaman Turancinmu sai sun yi gumi a kansa, sannan mu mayar da ita Hausa da baki, sai a buɗe fagen muhawara.

Zaman farko-farko tarihi muka ba su. An haifi Shekisfiya a 1564, ya mutu a 1616. Masana sun fi karkata ga cewa wajen 1606 ya rubuta wasan, amma sai a 1623 aka buga shi. A 1603 Sarki Jemis na Sikotland ya hau gadon sarautar Ingila ya haɗa biyu, ya kuma ɗauki ayarin 'yan wasan Shekisfiya ƙarƙashin inuwarsa. Jemis ya yarda da sihiri ƙwarai, har littafi ya wallafa kan matsafa a 1597. A 1605 kuma wasu suka ƙulla tarwatsa majalisar dokoki da albarushi yana ciki, asirinsu ya tonu. Wanda ya san waɗannan ba zai yi mamakin ganin matsafa uku da kisan sarki a wasan da aka shirya a zamaninsa ba.

Abin da ya fi girgiza membobi shi ne labarin Makbes na gaskiya. Ya mulki Sikotland daga 1040 zuwa 1057, shekara 17. Sarki Dankan, wanda a wasan Makbes ya kashe don ya gaje shi, a fagen fama ya faɗi, ba a kan gado yana barci ba, kuma bai kai dattijon da wasan ya nuna ba. A 1050 Makbes ya tafi ziyarar ibada har birnin Rum yana rabon sadaka, kuma sarkin da gadonsa ke rawa ba ya barin gari ya yi irin wannan doguwar tafiya. A littafin tarihin Holinshed na 1587, inda Shekisfiya ya ɗebo labarin, da sa hannun Bankwo, abokin yaƙin Makbes, aka kashe Dankan. Shekisfiya ya wanke shi tas, domin gidan Jemis na ganin Bankwo kakansu ne. Wani dattijo cikinmu ya ce ai mawaƙin fada ba ya zagin kakan mai gida.

Muhawarar da ta fi cin lokaci, har sau da yawa kiran Magariba ne ke raba mu, ita ce: wa ya jefa Makbes cikin halaka? Ɓangare ɗaya, galibi matasa, sun tsaya kan cewa matsafan ne, tunda duk abin da suka faɗa ya tabbata. Ɗaya ɓangaren ya ce a koma ga rubutun. Da muka koma sai muka ga matsafan gaishe shi kawai suka yi da sarautu uku: hakimin Gilamis da yake riƙe da ita, hakimin Kodo da aka ba shi jim kaɗan bayan nan, sai sarki. Babu inda suka ce ya zare wuƙa. Bankwo yana tsaye kusa da shi, an ce masa zuriyarsa za ta yi sarauta, bai taɓa kowa ba. Ni ina tare da ɓangare na biyu, kuma babbar shaidata bakin Makbes ne da kansa. Daren da Dankan ya sauka a gidansa, ya keɓe yana lissafa wa zuciyarsa dalilan da suka hana: mutumin nan ɗan uwansa ne, sarkinsa ne, sannan baƙonsa ne da ya kamata ya tsare wa ƙofa. Ya kuma amsa cewa ba shi da wata hujja sai dogon buri. Ya san cin amana ne, ya shiga da idonsa biyu. Ranar da aka mayar da wannan wuri Hausa ɗakin ya yi tsit, domin kowa a nan ya san nauyin baƙon da ya ci tuwonka ya kwanta a shimfiɗarka.

Membobinmu mata sun kawo gyara mai muhimmanci game da uwargidan Makbes, wadda aka saba ɗora wa laifin duka. Gaskiya ne ita ta zuga shi a kisan farko, ta hanyar goranta masa cewa bai cika namiji ba. Amma ita da kanta ta kasa soka wuƙar, ta ce Dankan a cikin barci ya yi kama da mahaifinta. Kisan Bankwo kuwa mijin ɓoye mata ya yi, haka harin da aka kai wa matar Makdaf, wani hakimin Sikotland, da 'ya'yansa ba da shawararta ba. Tun da ya hau gado ya daina neman ta, tsoro ya zama mashawarcinsa, kowane kisa yana haifar da wani.

Aikinmu na fili shi ne gabatar da zaɓaɓɓun fitowa bayan Babbar Sallah. Wata makaranta ta yi mana alkawarin zaurenta, ana gobe ta janye ba tare da wani dalili ba, abin ya ɓata mana rai matuƙa. Ɗaya daga iyayen ƙungiya ya ba mu tsakar gidansa, Allah ya saka masa da alheri. Ana tsakiyar wasa aka ɗauke wuta, dab da fitowar da uwargidan ke yawo cikin barci. Malamar da ta hau matsayin ta ɗauki fitilar ƙwai ta fito da ita, wanda dama haka yake a rubuce, matar ba ta yarda a bar ta cikin duhu. Ta ajiye fitilar a ƙasa, ta durƙusa tana murza tafin hannu da yatsu, tana shinshinawa, tana cewa duk turaren ƙasar Larabawa ba zai kawar da ƙarnin jinin nan ba. Yaran da ke hayaniya a baya ma sun yi shiru.

Dajin Banam da matsafa suka ce sai ya tako zuwa Dansinen, inda fadar Makbes take, kafin a ci shi da yaƙi, ɗalibanmu ne suka yi shi da rassan darbejiya a gaban fuskokinsu, kamar yadda sojojin Malkam, ɗan Dankan, suka yi. Amma wanda 'yan kallo suka fi zantawa a kansa shi ne Makdaf. Da aka kawo masa labarin kisan iyalinsa, Malkam ya ce ya daure irin na maza, shi kuwa ya ce zai daure, amma dole ya ji zafin abin irin na ɗan Adam. A ganina nan ne wasan ya ba uwargidan Makbes amsa kan mene ne namiji. Shi ne kuma ya kashe Makbes, wanda ya dogara da cewa wanda mace ta haifa ba zai iya masa komai ba, alhali Makdaf tsaga cikin uwarsa aka yi aka ciro shi.

Ta fannin kuɗi, Ma'aji zai karanta nasa lissafin dalla-dalla. Abin da zan ce kawai, hoton takardu ne ya cinye mafi yawan abin da muka tara, kuma akwai waɗanda har yanzu ba su biya kuɗin wata-wata ba. A taimaka a sauke wannan nauyi kafin ƙarshen wata.

Kwamitin zartarwa na neman amincewarku kan a kafa ƙaramin kwamiti da zai rubuta Hausar da muka yi ta yi da baki tun kafin ta ɓace mana, domin a iya gabatar da wasan gaba ɗaya. Muna kuma buƙatar a samo mana zauren da za a ƙulla yarjejeniyarsa a rubuce. Masu son ba da sunan wasan gida na baɗi su miƙa wa Sakatare kafin zaɓen shugabanni, wanda za a yi a zama mai zuwa in Allah ya yarda.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya