Wasiƙa daga Jamus zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Umma da yara da duk mutanen Yakasai. Saƙon Umma ya iso, cewa har yanzu ba ta ji labarin ƙaruwa ba. Da nauyi in amsa mata kai tsaye, shi ya sa na biyo ta wajenki.

Ki kwantar mata da hankali, ni da maigidan lafiyarmu ƙalau. Tunani ne ya jawo jinkirin. Akwai wata Bajamushiya da muke aiki tare, 'yar yankin kogin Ahr, inda ambaliyar Yulin 2021 ta fi yin ɓarna. Sama da mutum 180 suka rasu a ƙasar nan. Ta ce min ta haƙura da haihuwa, ba za ta kawo yaro duniyar da ke ƙara zafi ba. Da hawaye ta faɗa. Abin ya tsaya min a rai, Yaya. Na tuna ruwan da ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya jiƙe dilolin atamfa, da Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Na tuna autarki a watan Afrilu, ƙurajen zafi sun feso mata har wuya, babu wuta, kina yi mata fifita a tsakar gida har asuba.

Sai dai ban bi ra'ayinta ba. Hayaƙi mai ɗumama duniya da Bajamushe guda ke jawowa a shekara ya ninka na ɗan Najeriya fiye da sau 10. Ba jariran Kano ne suka ɗumama duniya ba, su ne dai ke shan wahalarta. Haihuwa kuma kyautar Allah ce, muna so, muna roƙo. Abin da muka tsayar shi ne tazara, da shiri tun yanzu.

Don haka filin nan da ake mana ciniki, kada a biya sai Kawu ya je ya gani bayan an tafka ruwa. In kan hanyar ruwa yake, a bar shi komai arharsa. In ya yi, a dasa darbejiya da mangwaro tun kafin a ɗora bulo. Kuɗin da na turo na sola ne da fanka a ɗakin Umma, kada bazara ta same ta haka.

Ki gaishe min da kowa, Umma ta sa mu a addu'a.

Ƙanwarki.